Ɗanliti da Tirelar Cikin Ɗaki

Duk wanda ya zauna a Zangon Agege ya san Ɗanliti Mai Tirela, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dattijon nan gajere mai faɗin kafaɗa da ke tafiya a gefen titi yana yi wa direbobin danfo, bas-bas ɗin hayar Legas, gyaran tuƙi ba tare da kowa ya tambaye shi ba. In wani ya sha gaban wani a kwana, sai ya tsaya ya bi shi da kallo har ya ɓace, sannan ya girgiza kai ya ce, "Wannan ba direba ba ne. Fasinja ne da ya riga kowa zama a gaba."

Mutumin Ƙaraye ne. Ya shigo Legas yana saurayi a saman lodin tumatir, da riga ɗaya da buta. Ya wanke taya, ya kwana a ƙarƙashin mota, ya sha zagi da ranƙwashi a hannun iyayen gida, har Allah ya kai shi ga sitiyari. Daga nan ya yi shekara talatin da ɗoriya yana ɗauko tumatir da albasa da tattasai daga Arewa zuwa kasuwar Mile 12. Bai gina gida ba, bai je Makka ba, kuma bai damu a faɗa ba. Abin tinƙahonsa a duniya guda ɗaya ne: bai taɓa buge ko akuya ba. Maganar akuyar nan ko a wajen ta'aziyya sai ya san yadda ya sako ta.

'Yarsa Badiyya ce ta fara lura. Ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti ta wajen Ikeja, kuma irin yaran nan ne da ba su gaji kunya ba sai gaskiya. Ta ga in an ajiye masa kofi ta hannun dama sai ya kifar da shi. Ta ga ya bangaji mai tallan burodi a bakin masallaci, ya kuma juyo yana yi mata faɗa wai daga ina ta ɓullo. Ta ja shi wajen likita. Likita ya ce hawan jinin ido ne, idon dama ya fara rufewa daga gefe. Ɗanliti ya ce likitan yaro ne, ko gemu bai gama tsirowa ba. Badiyya ba ta yi musu da shi ba. Ta bari ya shiga wanka, ta zare lasin ɗinsa daga aljihun riga ta jefa a jakarta, ta kuma kira mai tirelar da yake ja ta gaya masa komai.

Zaman gida bai karɓi Ɗanliti ba, amma wadda ta fi shan wuya ita ce matarsa Hansai. Matar da ta saba ganin miji sau biyu ko uku a wata, yau ga shi a tsakar ɗaki tun safe yana koya mata yadda ake jera tukwane don kada su tare hanya. Ya gyara ƙofar da ba ta lalace ba har ta lalace. Da Hansai ta kai ƙara, Badiyya ta je ta sami Shafi'i, wani mai gyaran wayoyi da kwamfuta a Ikeja, haifaffen Agege, wanda Hausarsa ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da Turancin titi da Yarabanci. Ya haɗo mata tsohuwar kwamfuta, baƙin akwati mai fanka a gaba da baya, da allo mai faɗi, da sitiyari da ake ɗaurawa a tebur, da birki da totur na takawa a ƙasa. Ya sa wasan tuƙin tirela a ciki.

"Ni za a kawo wa wasan yara?" in ji Ɗanliti. Ya juya wa abin baya yini guda. Washegari Hansai ta dawo daga cefane ta same shi yana ƙoƙarin shigar da tirela da baya cikin wani lungu, gumi na zuba, yana cewa, "Waye ya tsara wannan gareji? Bai taɓa tuƙi ba."

Daga ranar ya koma aiki. Yakan yi wanka da safe, ya rataya tawul a wuya, ya karanta addu'ar hawa abin hawa, ya ce, "Hansai, na tafi." Ita kuma daga inda take yanka kuɓewa, taku kaɗan daga gare shi, ta ce, "Allah ya tsare hanya." Ba ya tsallake jar wuta. In an kira sallah sai ya sa sigina, ya gangara gefe, ya ja birkin hannu, sannan ya tashi. Hanyoyin ƙasar Turawa ne a ciki, sumul, ba rami ba shinge, kuma ya daɗe bai yarda da su ba. In ya hango gada sai ya rage gudu yana leƙen inda za a tsayar da shi. Hansai dai ba ta kallon allon, ta ce jiri yake sa ta.

Da hannunsa ya faɗa, sai ya kira Badiyya ya kafa mata sharaɗi. Ta zo ƙarshen wata ta zauna ta gani da idonta. In ya ɗauki lodi ya sauke ba tare da ko ƙwarzane ba, ta dawo masa da lasin ɗinsa, su je wajen wani likitan mai furfura. Badiyya ta amsa don a zauna lafiya. Shi kuwa da gaske yake, har ya fara tambayar 'yan albasa ko akwai motar da ke neman direba.

Ana cikin haka tirelar ta fara in'ina.

Ba wata kalmar da ta fi dacewa. Yana cikin tafiya lami lafiya sai hoton ya ƙage, kamar ƙiftawar ido, sannan ya zabura gaba. Motar da ke can nesa sai ya gan ta a hancinsa. Ya juya sitiyari, tirela ta yi shiru, can kuma ta juya gaba ɗaya ta hau ƙarfen gefen hanya. Ranar farko ya murƙushe wata 'yar jar mota a mahaɗa. Ya zauna yana kallon allon, hannuwansa a cinya. A wasa ne, ya sani, amma sai da abinci ya gagare shi. Hansai ta tambaye shi lafiya, ya ce hanya ce ba kyau.

Ya bi matsalar yadda ya saba bin mota. Da farko ya ce mai ne, wato wutar janaretar gidan ce ba ta da tsabta, ya jira sai an kawo wutar gari. In'ina ba ta fasa ba. Ya ce to lodi ne ya yi yawa, ya daina ɗaukar katako da injuna, ya koma jan tirela wayam daga gari zuwa gari, abin da a rayuwarsa yake kira asara. Ba ta fasa ba. Ya goge allon da tsumma. Ya ɗaga sitiyarin ya hura ƙasansa. Ya kai ga dukan akwatin da tafin hannu a gefe, don ya taɓa tayar da rediyo da hakan. Daga nan ya kira Shafi'i.

Shafi'i ya iso bayan la'asar a kan okada, wato acaɓa. Kafin ya zo Ɗanliti ya kashe komai ya zauna jiransa, don bai ga dalilin ƙona wuta a banza ba. Aka kunna. Tirela ta tafi sumul kamar an shafa mata man shanu.

"Baba, nothing do am fa," in ji Shafi'i. "Lafiyarta ƙalau."

"Ɗazu ta yi."

"To bari in rage mata nauyi, just in case."

Ya shiga ya danna nan ya danna can. Inuwa ta ɓace daga duniya. Itatuwa suka koma kamar tsintsiya a kife. Gajimare ya tafi, ciyawa ta tafi, mutanen gefen hanya suka rasa fuska. Ya ce yanzu ko kwamfutar kaka ce za ta ja wannan. Ya tafi. Washegari Ɗanliti ya yi tafiya a cikin wannan mummunar ƙasa, kuma da ya yi nisa in'ina ta dawo, ya kwanta da tirela a cikin tsintsiyoyin.

Haka aka yi ta yi. Shafi'i ya zo ya goge wasu abubuwa da ya ce suna cin ƙarfinta a ɓoye. Ya sake zuwa ya sauke wasan ya ɗora sabo. Ya canja wayar allo. Kowane zuwa sai ya sami kwamfuta a kashe tana hutawa, a kunna, ta yi tafiyarta kamar ba ita ba. A zuwa na ƙarshe Ɗanliti ya fita alwala, yana dawowa ya ji Shafi'i a soro yana waya ƙasa-ƙasa. "Anti Badiyya, wallahi system ɗin is okay. Ni dai ban ga komai ba. Sai dai ko... kin gane."

Ɗanliti ya gane. Ya tsaya da buta a hannu har ruwan ƙafarsa ya bushe.

Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne, shi ma tunanin ya daɗe yana cin sa. In'inar ba ta zuwa da farko, sai ya yi nisa. Likitan nan marar gemu kuwa ya ce idon zai riƙa gajiya. To wa ke ƙagewa, allon ko shi? Ya gwada rufe idon dama da hannu, ta yi. Ya rufe na hagu, ta yi, har da ƙari. Ya rasa wanda zai tambaya. Ya ji tsoro, tsoron da bai ji ba ko ranar da birki ya tsinke masa a gangaren Jebba. Can ya san abin da ya lalace. Nan kuwa wataƙila shi ne abin da ya lalace, ga kuma ƙarshen wata yana matsowa.

Ranar Asabar ya sake kiran Shafi'i, ya ce ya zo da hantsi. Yana shigowa Ɗanliti ya mayar da ƙofa ya murza makulli ya jefa a aljihu.

"Baba, lafiya?"

"Lafiya lau. Yau kai ne yaron mota. Zauna."

"Ina da customer a shago fa."

"Ni ma ina da lodi. In ba mu sauke ba, ba mai fita."

Ya zaɓi hanya mafi tsawo da ke cikin wasan. Shafi'i ya roƙa, ya yi rantsuwa da Hausa, ya yi da Yarabanci, ya ce matarsa na jiransa. Ɗanliti ya sa sigina ya hau titi. Hansai, da ta ga an yi baƙo na dole, ta zubo masa ɗanwake da mai da yaji, abin da ya rage masa kaifin baki sosai. Da ta kwashe kwanuka sai ta yi abin da take yi kullum a wannan lokacin. Ta ɗauko kaskonta, ta zuba garwashi, ta barbaɗa turaren wuta, ta durƙusa ta ajiye shi a ƙarƙashin tebur, daidai gaban baƙin akwatin. Ta gyara wa akwatin rigar leshin da ta ɗinka masa mai tuntu a gefe, ta fita harkarta ta ƙofar baya.

Shafi'i ya bi hayaƙin da kallo. Ba sama yake tashi ba. Kwanciya yake yi, ya miƙe zar ya shige hancin akwatin, ya fito ta baya ya bazu a ɗaki. Bai gama buɗe baki ba sai hoton ya ƙage, ya zabura, tirela ta yi kan wata bas.

"Ah ah," in ji Shafi'i. "E freeze."

Ɗanliti ya taka birki. Bai juyo ba. "Me ka ce?"

"Ta tsaya, Baba. Na gani."

"Da idonka?"

"Da idona biyu."

"Sake faɗa."

Sai da Shafi'i ya faɗa sau uku. Sannan ya ɗage rigar leshin ya ɗora hannu a kan akwatin, ya janye da sauri yana yarfewa. Ya ce ko ƙwai aka fasa a kai zai soyu. Ya kashe, ya kwance murfin. Ƙamshin da ya fito ya isa a kai amarya uku. Duk cikin ya yi ja-ja da danƙon turare, ƙura ta manne a kai ta zama kamar bargo. Fankar da ke sanyaya ƙwaƙwalwar na juyawa da ƙyar, kamar mai tuƙa tuwon gidan biki. Shafi'i ya yi bayani: in ta huta ta huce sai ta yi gudu, in zafi ya taru sai ta rage wa kanta ƙarfi don kada ta ƙone, shi ne hoton ke tsinkewa.

"Kamar lagireton mota," in ji Ɗanliti a hankali, kamar wanda ya gamu da tsohon aboki. "Ashe zafi take ɗauka."

Aka kira Hansai. Ta tsaya a bakin ƙofa tana goge hannu da zani, ta kalli cikin akwatin, ta kalli mazan biyu.

"Mama, me ya sa kike ajiye kaskon a nan?" in ji Shafi'i.

"Ai akwatin nan ya fi iya rabawa. In na ajiye a tsakar ɗaki hayaƙin sama yake tafiya. Wannan kuwa ja yake yi ya hura ko'ina, har labule ya kama."

"Kullum kike yi?"

"Kullum mana."

Ɗanliti ya ce, "Da can ai ba kullum kike turare ba."

"Da can kullum kake gida?" Ta ɗauki kaskonta. "Tun da aka kawo ni garin nan, ranar da za ka dawo nake sa shi. Yanzu kullum kana nan. In ya dame ku na daina."

Ta fita. Shafi'i ya sunkuyar da kai yana neman wata ƙusa da ba ta faɗi ba. Ɗanliti ya kalli ƙofar da ta fita. Amma murnar da ke cikinsa ta fi ƙarfin komai a lokacin, kuma ba za a ɓoye ba, bai bi ta ba. Ya tsaya a kan Shafi'i har ya goge danƙon tas, ya sa sabuwar fanka, ya mayar wa duniya da inuwarta da gajimarenta. Sannan ya buɗe masa ƙofa, ya kira Badiyya ya ce, "Ki zo da lasin ɗina. Na'urarku ce ba ta gani, ba ni ba." Da yamma kuwa babu wanda bai ji labari ba daga bakin masallaci har wajen masu shayi.

Washegari ɗakin ba ƙamshi. Warin kwatar bayan gida, wanda ashe turaren ne ke tare shi, ya shigo ya zauna. Ɗanliti ya rataya tawul ya ce, "Hansai, na tafi." Ta ce, "To." Amma ba ta fita ba. Ta jawo kujerarta ta zauna a bayansa da tiren shinkafa tana tsincewa, wai tana so ta ga abin da aka ce ta kusa kashewa.

Tirela ta tafi kamar ruwa. Ya wuce gari, ya wuce gada, ya yi nisan da bai taɓa yi ba, hoto ko gezau. Ya ji kafaɗunsa sun saki. Ya hango inda zai sauka daga babban titi, ya sa sigina, ya fara karkata dama.

"Malam, akwai wata 'yar fara a gefenka," in ji Hansai.

Ya taka birki don ladabi kawai, yana shirin ce mata ba a yi wa direba surutu. Ya juya kansa gaba ɗaya zuwa dama. Ga ta nan, 'yar ƙaramar farar mota, a manne da tayarsa, a fili a kusurwar allon da cikin madubi. Hoton bai ƙage ba. Ba abin da ya tsinke. Tana nan tun ɗazu, shi ne bai gan ta ba.

Ya gangara gefe, ya ja birkin hannu. Ya daɗe yana kallon sitiyari. Ya tuna kofunan da ya kifar, da mai tallan burodi, da masu okada da ke shigowa ta dama a Ketu ba sallama, da yaran makaranta. Hansai ta ci gaba da tsintar shinkafarta, kuma daga yadda ko kai ba ta ɗago ba ya gane ta daɗe da sani.

"Kin ce jiri yake sa ki," ya ce.

"Yana sa ni."

"Jawo kujerar nan." Ya nuna damansa, inda yaron mota ke zama. "Nan."

"Shekara nawa ina roƙonka ka tafi da ni ko Ibadan ne, ka ce mota ba wurin mata ba ce."

"To yau ta zama."

Da ƙarshen wata ya zo, Badiyya ta shigo da jakarta a hammata da jawabin da ta shirya tun a cikin danfo. Ƙamshi ya tare ta tun daga soro, don an mayar da kaskon bakin ƙofa, nesa da akwatin, rigar leshin kuma ta koma kan rediyo. Ta sami iyayenta a jere gaban allo. Uwar na cewa, "Bari wannan ya wuce. Bari. To, shiga." Uban na cewa, "Na gan shi ai," uwar na cewa, "Ba ka gan shi ba."

Ya sauke lodinsa ba ƙwarzane. Badiyya, wadda ba ta saba karya alkawari ba, ta ciro lasin ɗin ta ajiye a kan tebur. Ɗanliti ya ɗauka ya kawo shi kusa da idon hagu. Ya kalli hotonsa na jiki, mutum mai baƙin gashi da ya ɗaure fuska don a san direba ne. Ya goge shi da tawul, ya miƙa mata.

"Mayar jakarki," ya ce. "Ban taɓa buge ko akuya ba. A bar shi a haka."

Ya juya ga allon yana laluben giya. Hansai ta gyara zama, ta ce masa ya dakata tukuna, akwai mai keke a damansa.